Sawun Zabuwa

Hajiyar ta juya hular ta leƙa cikinta, ta bi bayan ɗinkin da ɗan yatsa mai kantar allura, sannan ta mayar da ita kan teburin Maiwada.

"Wannan aikin inji ne, Alhaji. Na hannu nake so."

Maiwada ya yi irin dariyar da yake ajiye wa manyan masu saye, ya sa aka ƙaro mata lemo mai sanyi. Duk kasuwar Gaya babu dillalin hula kamarsa, amma bai taɓa samun ciniki irin wannan ba. An daɗe Hajiya tana kiransa daga Jidda, inda take da shaguna, Hausarta duk ta cakuɗe da Larabci. Yau ga ta da kanta cikin niƙabi, tana neman hula samfurin sawun zabuwa, iya yawan da za a iya ɗinkawa, kowace shekara.

"Ai ni na ƙirƙiro zanen nan, Hajiya," in ji shi, yana dafa ƙirji.

"Ma sha Allah," ta ce.

Gaskiyar magana, Maiwada bai taɓa zura zare a allura ba. Matan aure ne a Toranke da Gafasa suke ɗinka masa a cikin ɗakunansu, Hanne dillaliya ke kai zare ta karɓo hula. Bai san fuskar ko ɗaya ba, bai kuma ga amfanin sani ba. Shekarun baya sun taɓa kafa ƙungiya, wai aikin da ke cinye musu ido ya fi ƙarfin ladan sabulu. Bai wahala ba. Ya kai ƙarar shugabarsu, wata Hure mai ainihin zanen, ya rantse ta sace masa zare. Kunya ta kore ta daga garin, sauran suka shiga taitayinsu. Tun daga ranar ya kafa doka: duk matan da suka taru a gida ɗaya da allura, ba shi ba su.

Saboda Hajiya ba ta son aikin inji, Maiwada ya sayar da injinansa na ɗinkin hula. Saboda ba ta son a haɗa ta da kowa, ya sallami 'yan Kano da suka daɗe suna sari a hannunsa, har da baƙar magana. Wanda ya hango teku ba ya wanka da kududdufi.

Sharaɗi ɗaya ya rage. Hajiya ta ce ba za ta ƙulla komai ba sai ta ga matan a wuri guda, kowace da allurarta, don ta tabbata hannu ke yi.

Abin ya tsaya masa a wuya, amma ya haɗiye. Ya ja Hanne gefe ya ce ta ja musu kunne, kada wadda ta kuskura ta ambaci abin da yake biya.

"Kwantar da hankalinka, Alhaji," in ji Hanne. "Gidan Malam Kabo na Gafasa yana da tsakar gida mai faɗi. Can za mu."

Shi ya ɗauki hayar a-daidaita-sahu suka yi ta jigilar mata daga ƙauyuka. Shi ya sayi shinkafar da aka dafa. Ranar taron ya sa babbar riga, ya buɗe wa Hajiya ƙofar mota da hannunsa.

Ƙofar soron Malam Kabo gajera ce. Hajiya ta sunkuya ta wuce tana amsa waya, shi kuwa Maiwada ya gwara goshi har hularsa ta faɗi. A ciki ta durƙusa har ƙasa ta gai da tsohon. Malam Kabo ya buɗe baki zai amsa, sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta goge ido da bakin rawani. Maiwada ya ce a ransa, mutumin ƙauye kenan, ya ga mai arziki ya ruɗe. Har rago aka yanka.

Hajiya ta shige cikin gida. Namiji baƙo iyakarsa soro, don haka Maiwada ya zauna a tabarma, aka ajiye masa fura da nono.

Can sai guɗa ta tashi. Wata ta karɓa, wata ta ƙara, har da kuka. Maiwada ya yi murmushi, ya ƙara ludayi. Ya fara lissafa inda zai gina bene a Gaya.

Rana ta yi sanyi kafin matan suka fara fitowa. Suka wuce ta gabansa ɗaya bayan ɗaya cikin hijabai, babu wadda ta gaishe shi. Hanne ce ƙarshe. Ta sauke wani ƙullin zani a gabansa, ya kwance, zarensa ne, duka, ko ƙwara ba a taɓa ba.

"Ƙungiya ta farfaɗo, Alhaji. Daga yau hularmu kai tsaye Jidda za ta, da sunan wadda ta ɗinka a jiki. Daga Ajingi har Gaya babu allurar da za ta sake yi maka aiki. An ce a gode maka da kuɗin mota."

Maiwada ya ajiye ludayin. Ya tuna injinan, ya tuna 'yan Kano da abin da ya faɗa musu. Ya miƙe, ya juya ga tsohon.

"Malam, wannan cin amana ne! Ni na kawo baƙuwar nan gidanka. A kira mini ita yanzu!"

Malam Kabo ya gama jan carbinsa, ya ɗago ya dube shi a natse.

"Wace baƙuwa, Alhaji? Yau babu baƙo a gidan nan sai kai. 'Yata Hure ce ta dawo gida."