Rigakafin Akuya Ɗari

Ga ta nan, ga ta nanku. Tunda kun ce ta zo ku ji ta, to ku gyara zama.

An yi wani mutum mai aiki a ɗakin gwaje-gwaje na likitocin dabbobi a birni. Aikinsa narka magani, irin wanda ake daskarar da shi, a tsotse ruwansa cikin sanyi, har ya koma ɗan gari a gindin kwalba, bai kai abin da yatsa biyu za su ɗiba ba. Ba ya amfanuwa sai an mayar masa da ruwansa, kuma ruwan a gwade yake. Takardar da ke jikin kwalbar ta faɗi iyakarsa, ta faɗi yawan dabbobin da zai isa. Shekara goma sha biyu mutumin nan yana wannan aiki, bai taɓa ƙara ɗigo ɗaya ba.

Wata shekara annobar awaki ta taso daga gabas, tana cin ƙauye bayan ƙauye. Akuya ta wayi gari da majina da gyambon baki, a kwana na uku zawo ya kwantar da ita, a na biyar a ja ta zuwa bayan gari. Mutanen ƙauyen su mutumin nan suka tsorata, kowa ya ɗaure nasa a turke cikin gida, ana yanko musu ciyawa. Da mutumin ya ji saura ƙauye biyu cutar ta iso, sai ya roƙi kwalba ɗaya ta rigakafi, ta akuya ɗari, ya binne ta cikin ƙanƙara, ya hau mota. Ya zaci awakin gidansu da na maƙwabta zai tarar. Sai ya tarar da gari duka a ƙofar gida, mata riƙe da igiyoyi, akuya ta fi ɗari uku. Ya ce maganin na ɗari ne.

Gwaggonsa, wadda ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsa, ta matso ta ce masa ƙasa-ƙasa, "Ɗan nan, kada ka kunyata mu. A gidan nan ba a taɓa ce wa baƙo miya ba ta isa ba. Ruwa ake ƙara mata."

Ya ce, "Gwaggo, wannan fa ba miya ba ce."

Ta ce, "To zaɓi wadda za ka ce wa ta koma gida. Ni bakina ba zai iya ba."

Ya dubi matan. Babu wadda bai taɓa cin tuwonta ba. Ya juya musu baya, ya zuba ruwa ninki uku. Ya yi wa kowace akuya allura, aka yi ta sa masa albarka, shi kuwa ya san maganin da ruwa ya yi wa yawa haka ba zai kare awakin ba. Ya koma birni bai faɗa wa kowa abin da ya sani ba.

Mutanen gari kuwa hankalinsu ya kwanta. Ai an yi allura! Suka kwance awakin da tsoro ya sa suka tsare, suka sake su kiwo, suna shan ruwa a tafkin da awakin maƙwabtan ƙauyuka ke sha. Shi kuma a can, ko waya ta yi ƙara sai ya zabura ya duba mai kira. Mako uku cif, sai ga muryar gwaggo: "Jar akuyata tana majina, ta ƙi cin dusa. Amma ba komai ko, tunda ka yi mata allura?"

Kafin wata ya zagayo, ungulaye sun tare a bayan garin, turaku sun zama wayam, har da na gwaggo. Da ɗari ya yi wa yadda takarda ta ce, da ɗarin nan sun tsira, sauran kuma da suna ɗaure a gida, nesa da tafki.

Ƙurunƙus, nan tawa ta tsaya. Dama Hausawa sun ce, garin neman ƙiba akan samo rama.