Ranar da Aka Nuna wa Bindiga Suwaiba

Tun da aka kafa dokar nan ta bindigogi masu gane fuska, ba a gama bikin suna a Gusau sai an nuna wa bindigar gidan fuskar jariri. Duk wanda ta sani, ba ta tashi in yana gabanta, ko da an taɓa kunamarta bisa kuskure.

Da baƙi suka watse, Rakiya ta kawo 'yarta ɗakin mahaifinta. Malam Hashimu, kakan jaririyar, ya zaro ƙaramar bindigar daga ƙarƙashin rigarsa, ya juya bakinta ga bango, ya zazzage harsasan a faranti, ya sake leƙawa.

"Baba, ta cika fa," in ji Rakiya a hankali. "Mutum goma take ɗauka. Sai dai ka cire Inna."

Shekara huɗu ke nan da rasuwar matarsa. Amma kullum da safe in ya duba bindigar, takan jero sunayen mutanen gidan, kuma da sunanta, Dije, take farawa.

Ya daɗe yana kallon jaririyar tana ta hamma. Sannan ya danna maɓallin bindigar, ya nuna mata fuskar jaririyar, ya ce, "Suwaiba."

Bindigar ta jero sunayen. Rakiya ta saurara har ƙarshe, ta ɗago kai.

"Baba, ban ji naka ba."

"Ni ai a bayanta nake tsayawa, 'yar nan." Ya shafa kan jikarsa. "Uwarki kuwa, ku ba kwa faɗin sunanta, ni ma kunya ta hana ni tun tana da rai. Duk gidan nan ita kaɗai ke kiranta."