Muryar da Aka Ajiye

Tun da aka kafa dokar ɗakin gilashi a asibiti, duk matar da gwajin watan haihuwa ya nuna tana ɗauke da ƙwayar cutar nan mai kama jarirai, a can take haihuwa. Za a ɗaura mata ruwan magani, ba uwa a kusa, ba ungozoma. Uba ma ba ya shiga. Na'ura ce ke raɗa wa jariri kiran sallah a kunne, da muryar uban da aka ɗauka tun kafin naƙuda.

Bara gwajin Hansatu ya nuna cutar, amma ta kafe sai a ɗakin Innarta. Yaron bai kai suna ba.

Yau ma, da sabon ciki, sakamakon bai canza ba.

"Malam, je ka ba su muryar," ta ce wa mijinta Tukur. "Inna sai ta yi haƙuri."

Tukur ya tsaya gaban tagar asibitin, ya gyara murya.

"Ba sai ka sake ba, Malam," in ji ma'aikaciyar da ke tagar. "Ta bara tana nan. Ba wanda ya ji ta tukuna."