Ba Zan Duba Dutsen Guga Ba

Ta kulle shagon ɗinkinta, ta ja kwaɗon, ta sake ja. Dogo, wanda aka sa musu rana, yana jiranta a kan babur. Har za ta hau, sai ta tsaya cak.

"Na kashe dutsen guga kuwa?"

Tun da ciwon waswasi ya kama ta, shi ke karɓar makulli ya duba mata. Amma jiya likita ya shimfiɗa musu hanyoyi: shan magani, ko koyon zama da tsoron ba tare da dubawa ba, ko a haɗa biyun. Ta zaɓi haɗawa. Shi kuma aka ce masa dubawar tasa ce ke ƙara wa ciwon ƙarfi.

"Dogo, don Allah, yau kaɗai." Ta miƙa masa makullin. "Ɗinkin mutane ne fal a ciki. In wuta ta tashi fa?"

Ya kalli ƙofar, ya kalli idanunta da suka ciko.

"Ba zan duba ba."

"To ka ce min na kashe."

"Wannan ma ba zan faɗa ba."

"Ashe ba ka sona."

"In fushi za ki yi, yi shi a bayana. Hau mu tafi."

Ta daɗe a tsaye. Sannan ta hau, ta damƙe rigarsa. Har suka sha kwana ba ta waiwaya ba. Shi ne ya yi ta satar kallon shagon ta madubi.