Maɓallai a Gwangwanin Magani

Tela yana da gida, sai dai a cikin kansa ya gina shi. Ɗaki biyu na haya suke zaune, shi da matarsa da 'yarsu Auta, amma da ya ɗora ƙafa a kan keken ɗinki, ƙarar keken ta kankama, shi ke nan ya bar unguwar. Sai ya gan shi a wani gida mai baranda, da bishiyar lemo a tsakar gida, da babbar taga wadda iska ke wasa da labulenta. Har ɗaki ya zaɓar wa Auta, can ciki nesa da hayaƙin motoci, domin yarinyar tana da asma.

Fili kuwa, mai karatu, ko taku ɗaya bai saya ba.

Matarsa ba ta da wannan lalurar ta mafarki, ƙafarta a ƙasa take. Gwangwanayen madara uku ta huda wa murfi ta jera a saman kabad: na cefane, na wuta da ruwa, sai na maganin Auta. Duk canjin da ya rage sai ta raba musu. Na maganin ta naɗe murfinsa da tef, ba a buɗewa sai ranar da maganin shaƙar yarinyar ya ƙare. Kowace safiya takan ɗauko shi ta girgiza kusa da kunnenta, ta ji nauyi da ƙara, ta ce Alhamdu lillahi, ta mayar.

Wata rana Tela ya ga wani mariƙin ƙofa a kantin kayan gini, ruwan zinariya, yana ɗaukar ido. Yana kama shi ya ji ƙofar gidan nan ta buɗe, har ya ji sanyin barandar a fuskarsa. Da ya dawo ya tarar matar ta fita, sai ya ɗaga tef ɗin da bakin almakashi.

"Aro ne," ya ce wa kansa. "Kuɗin gida ne, kuma gida za su koma."

Don kada gwangwanin ya yi shiru, ya zuba maɓallan ƙarfe irin na wandon jins, ya cusa ƙyallaye a madadin kuɗin takarda, ya mayar da tef ɗin tsaf. Tela ne, ya iya ɓoye ɗinki.

Bayan mariƙi sai kan famfo. Bayan kan famfo sai ƙararrawar ƙofa, wadda Auta ke dannawa tana cewa, "Wa ke sallama?" Daga baya ya sayo wani ƙaton kwaɗo na ƙofar waje.

"Baban Auta, waɗannan kaya fa daga ina?" matar ta tambaya.

"Wani kwastoma ne ya yi min ihsani."

Ta yi dariya. "To, Allah ya kawo ƙofar da za a maƙala su."

Da safe ta girgiza gwangwaninta kamar kullum, ya amsa mata. Tela ya sunkuyar da kai cikin kofin shayinsa. Kunya takan kama shi, amma ba ta daɗewa, da ya hau keke sai barandar ta dawo.

Ran nan da la'asar maƙwabci ya cinna wa shara wuta, hayaƙin ya cika ɗakin. Numfashin Auta ya fara fita da fito. Uwar ta sa mata maganin shaƙa a baki ta danna, ta sake dannawa, babu komai a ciki. Tela ya saɓi yarinyar a kafaɗa, matar ta rungumi gwangwani, suka ruga kemis ɗin bakin titi.

Sai a hanya ya buɗe baki. "Maman Auta, tsaya ki ji…"

"Ka bari sai mun isa!"

Ta yage tef ɗin a kan teburin kemis, ta kifar da gwangwanin. Maɓallai suka watse, wasu suka gangara ƙasa suna juyi. Ƙyallaye suka biyo baya, shuɗi da ja. Ta gane su sarai, ragowar yadin da ya ɗinka mata riga ne. Ta ɗago ta dube shi.

Mai kemis ba ya nan, wadda ke jiran kantin ta ce ba ta da ikon ba da magani ba kuɗi. Kafin Tela ya zaga ya samo abin da zai biya, leɓen Auta ya yi duhu, wuyanta ya langaɓe a kafaɗar uwarta. Abin da kuɗin gwangwani zai tsayar a nan take, sai da ya kai su gadon asibiti, da roba a hancin yarinyar, kwana da kwanaki.

Allah ya tashi kafaɗar Auta, amma keken ɗinkin ne ya biya asibiti. Tela ya kwashi kayan gidansa ya mayar kantin kayan gini, aka ce ba a karɓar abin da aka saya. Yanzu a shagon wani yake zama, yana sa maɓalli da allurar hannu. Babu ƙarar keke, barandar ma ta daina zuwa.

Gwangwanayen sun bar saman kabad, sun koma cikin akwatin ƙarfe. Matar ta nemi abin kullewa, ta samu a cikin kayansa. Ƙaton kwaɗon nan na ƙofar waje ne ta datse akwatin da shi, makullin yana rataye a wuyanta.

Mai karatu, kuɗin da aka ware wa magani ba rarar kuɗi ba ne, ko da sun shekara ba a taɓa su ba. Yi burinka, ka buɗe masa nasa gwangwanin, amma kada ka ciyar da shi da abin da iyalinka suka ajiye don ranar tsanani.