Duk Sunansu Durwa

An daɗe ana raɗe-raɗi a Gumel wai makarantar horar da karnukan gasa da muryoyin matattu take aiki. Malama Asabe, tsohuwar malamar makaranta, ba ta sayen ji-ta-ji-ta, sai ta ɗauki sandarta ta je ta gani.

Ta tarar da karnuka jere a fili, kowanne da baƙin abin wuya mai magana.

"Gobe gasa, Iya," in ji mai horar da su. "Muryar ɗan zamani ba ta ratsa kare. Ta tsofaffin mafarauta muke sa musu."

"Yaya sunan wancan jan?"

"Durwa."

"Na kusa da shi fa?"

"Duk Durwa ne. Muryar ba ta san wani suna ba."

Sandar ta yi mata nauyi. Durwa sunan karyar farautar mijinta Tanimu ne, wanda ta yi wa takaba tun ba ta yi furfura ba.

Mutumin ya danna wani abu. Daga wuyan kowane kare aka yi gyaran murya, irin wanda ta saba ji daga zaure, aka ce, "Durwa, zauna."

Duk suka zauna.

Muryar Tanimu ce.