Farin Dutse a Gindin Tsamiya

Tasi'u, ja kujera ka zauna, ka ƙyale kwamfutar nan ta huta tukuna. Na duba manhajar sautin da ka rubuta. Ma'aikata biyu ka sa a cikinta: ɗaya yana shirya sauti yana zubawa a guraben da ka jera kamar zobe, ɗayan yana bin bayansa yana kwashewa yana miƙa wa lasifika, ba mai kulle wa wani ƙofa. Nan ka yi daidai, don lasifika ba ta san a ce mata dakata ba. Amma ka sa mai zubawa yana matsar da alamarsa, wadda ke nuna inda zubi ya kai, kafin ya gama zubawa, na yi magana ka ce ai tazarar ba ta kai ƙiftawar ido ba. To, saurari abin da ya sami wani maharbi.

A wani ƙauye na bakin daji an yi maharbi da amininsa, suna farautar bauna da bindigogin toka. Ita bindigar toka harbi ɗaya take yi, sai an sake ɗura ta: a zuba albarushi, a danna, a saka harsashin dalma, a sake dannawa. Saboda haka suka raba aiki, ɗaya na harbi, ɗaya na ɗuri. Da farko hannu da hannu suke miƙa wa juna, har ranar da maharbin ya miƙa hannu baya yana jira, bauna ta kusa tafiya da shi. Daga nan suka sake dabara. Sukan jingine bindigoginsu kewaye da gindin tsamiya, mai ɗuri yana zagayawa yana ɗurawa, maharbi yana biye da shi yana ɗauka, wadda ya harba ya mayar da ita gurbinta. Kowa da dutsensa a ƙasa. Farin dutse na mai ɗuri ne, yana nuna inda ɗuri ya tsaya, duk bindigar da ke kafinsa a shirye take. Baƙin dutse na maharbi ne, da ƙafa yake tura shi, yana nuna inda harbi ya kai. Ba mai taɓa dutsen wani, ba mai tsallake shi, ba kira, ba tambaya. In maharbi ya zo ya tarar da farin dutse a gabansa, ya san babu abin harbi, sai ya kama reshe ya haye sama, ba kunya a ciki. Shekara da shekaru suna haka, ko ƙwarzane ba wanda ya taɓa samu.

Ran nan da hantsi suka gamu da wata tsohuwar bauna mai taurin rai. Harbin farko ya same ta a kafaɗa, ba ta faɗi ba. Na biyu ya goge ta a wuya. Ta ja da baya cikin ciyawa tana huci, ƙasa na tashi a gaban hancinta, duk wanda ya san bauna ya san dawowa za ta yi. Mai ɗuri yana bayan itace, ba ya ganinta, hucinta kawai yake ji. Yana ɗuri da gaggawa, albarushi na zubewa. Ya leƙa ya ga baƙin dutse ya kusa cim ma nasa, tsoro ya kama shi kada amininsa ya zo ya tarar babu komai. Bindigar da ke hannunsa ya riga ya zuba mata albarushi ya danna, dalma kawai ta rage. Sai ya ce a ransa ai kamar an gama ne. Ya jingine ta, ya tura farin dutse gaba, ya sunkuya yana laluben dalma a jaka da niyyar ya saka kafin a zo kanta. Ita kuwa bauna ta yi kukan kura. Maharbi ya kalli ƙasa, ya ga dutse ya ba shi hanya. Reshe na nan daidai kansa, da tsalle ɗaya zai tsira, amma dutsen nan bai taɓa yi masa ƙarya ba. Ya fizgi bindigar, ya auna baunar, ya bari ta matso sosai yadda ba zai kuskure ba, ya ja kunama. Aka ji ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, ba abin da ya fita. Bauna ta ratso ta cikin hayaƙin ba ta ko rage gudu ba.

Daga kan tsamiya mai ɗuri ya ga sauran, bai ma san lokacin da ya hau ba. Da mutanen ƙauye suka zo suka sauko da shi, hannunsa a dunƙule yake, sai da aka ɓamɓare yatsun aka ga dalma a ciki. Ba abin da yake iya faɗa sai, "Ita kaɗai ta rage, wallahi ita kaɗai ta rage."

Kar ka ce mugu ne, Tasi'u. Ƙauna ce da tsoro suka sa shi, kuma ni abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Mai kwashewa ba ya leƙa cikin gurbi ya tantance, alama kawai yake yarda da ita. In ya tarar babu, zai yi shiru na ɗan lokaci, a ji haushi a wuce. In ka ce masa akwai alhali rabi ne, abin da zai watsa a kunnen jama'a ba ka da ikon mayar da shi. Je ka gyara: a gama zubawa tukuna, sannan alama ta motsa. Hausawa sun riga mu faɗa, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.